Ruwan Teku a Kwalbar Yaya Sale

Ku 'ya'yan Yaya Sale, da ku nawa na cikina, wannan babin naku ne, kuma ba na so a tara jama'a a karanta shi. Kowa ya karanta shi kaɗai. Kun taso kuna jin ana cewa Baffa Habu ne ya je har ƙasar Faransa ya ɗebo wa wansa ruwan teku a kwalba, kuma duk sanda aka ba da labarin a gabana nakan sunkuyar da kai, ku kuwa ku ɗauka kunya ce irin ta mutanen kirki. Ba ita ba ce. Na gaji da wannan yabo, wallahi ya fi zagi ciwo, don haka yau zan faɗi yadda aka yi tun ina da sauran numfashi.

Ga waɗanda ba su riske shi da wayo ba, Yaya Sale ɗan koli ne. Allura, zare, madubi, kwalli, turare, abin da mata ke aike dai. Ƙafarsa ita ce jarinsa. Daga gidanmu na Dugabau yake cin kasuwar Garo, ya ci Kabo, ya ci Getso, har Gwarzo, da farko da kaya a ka, daga baya a bayan keke. Da wannan ƙafar ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, ya sa ni boko mutanen gari suna yi masa dariya, har na zama malamin Faransanci a wata sakandare a Gwarzo. Faransanci fa! A wurin da ko Turanci sai an yi da gaske. Shi kuwa ko a jikinsa, duk kasuwar da ya shiga sai ya gaya wa mutane ƙaninsa yana jin yaren da ko gwamna ba ya ji.

A shekarun tsuke bakin aljihu ciwon ya same shi, lokacin da ake bin layi saboda sabulu da madara, albashi kuma sai an ga dama. Ƙaya ce ta soke shi a babban yatsa, ƙaya kawai, irin wadda yaro zai zare ya ci gaba da wasansa. Sai wurin ya ƙi warkewa, ya yi baƙi, ya fara wari. Na kai shi wani asibiti a Kano, muka tarar ko auduga babu, sai dai a rubuta maka takarda ka fita ka nemo. Likitan ya ce ciwon suga ne, naman ya fara mutuwa, kuma in ana son mutumin, a guntule ƙafar daga ƙasan gwiwa tun abin bai hau sama ba. Yaya ya saurare shi tsaf, ya yi masa godiya, ya ɗauki sandarsa. Muna fita ƙofa ya dube ni.

"Habu, wurin da ba su da auduga ne za su yanke mini ƙafa? Da me za su ɗaure, da hularka?"

Gaskiya ya faɗa. Muka koma gida, aka shiga jiƙe-jiƙe da shafe-shafe. Ana nan sai wani mai magani da ke zuwa kasuwar Getso ya duba ƙafar, ya girgiza kai, ya ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, wani abu Yaya ya taka a hanya, kuma ba abin da zai fitar da shi sai ruwan teku, a wanke kwana bakwai. Na san dalilin da ya sa ya zaɓi teku. Ya duba ya ga mu mutanen tudu ne, ba mai kawo masa ruwan balle a gane ƙaryarsa. Bai san cewa a makon nan takarda ta zo mini ba, an zaɓe ni cikin malaman da za a kai Faransa kwas na mako shida.

Ranar da zan tafi na je yi wa Yaya sallama. Yana zaune a zaure, ƙafar a miƙe kan buzu, Hanne matarsa, uwarku ku manyan, tana tsaye daga bakin ƙofa da wata kwalba da ta wanke da toka ta naɗe a tsumma. Na yi ta maza na ce masa ruwa ruwa ne, ko na teku ko na rijiya, ya bari a kai shi asibiti kafin in dawo. Bai yi fushi ba. Ya sa aka ɗauko masa Alƙur'ani, ya yi alwala a zaune, ya ɗora hannu.

"Ka ji in gaya maka, Habu. Tunda nake ban taɓa aikenka ba. Wannan ne saƙona na farko. In ka samo, in gwada kwana bakwai. In ka dawo ba ka samo ba, to Allah ne bai nufa ba, na rantse da wannan Littafi washegari ka kai ni su yanke."

Hanne ta miƙo mini kwalbar da hannu biyu, ta ce, "Malam, ka taimake mu, ka ga yaran nan ƙanana ne." Na karɓa na sa a jaka.

Garin da muka yi kwas ɗin yana can tsakiyar ƙasa, ba teku ba dalilinsa. Mu wajen talatin ne daga ƙasashen baƙar fata, kuma mutum ɗaya ne kawai muke Hausa da shi, wani malami daga Maraɗi mai suna Isufu, shi kaɗai na ba labarin kwalbar. Sauran kuwa 'yan birni ne na bakin ruwa, masu kwat da taye, tun ranar farko suka sa ni gaba saboda hulata da butar da nake yawo da ita. Ni ma da rashin hankali sai na shiga gasa da su. Na ajiye hula, na sayi kwat na gwanjo, na dage sai Faransancina ya fi na kowa. Mako biyar suka wuce, sai Madam, matar da ke kula da mu, ta ce Asabar ta ƙarshe za a kai mu yini guda wani tsohon garin masunta a bakin teku, Talata kuma kowa ya hau jirgin ƙasarsu. Ba zan rubuta sunan garin ba, bai yi mini laifin komai ba.

Mun isa da hantsi. Gari ne na dutse, gidajen toka-toka masu tsawo sun matse juna, lungunan kamar na cikin birnin Kano, ko'ina ƙarnin kifi, ga wasu fararen tsuntsaye suna ta ihu a sama. Motar ta tsaya a daidai matsayar jiragen kamun kifi. Na sauko, sai ga shi. 'Ya'yana, ga teku nan a gabana, ya cika maƙil har bakin katanga, kore shar, jirage masu fenti ja da shuɗi suna rangaji a kansa. Akwai matakala ta dutse da ke gangarawa, taki uku kacal mutum ya taɓa ruwa. Kwalbar tana cikin jakar da ke rataye a kafaɗata. Isufu ya zungure ni.

"Malam Habu, ga saƙon yayanka, sauka ka ɗiba."

Na waiga. Duk 'yan kwas ɗin suna tsaye a jere kan katangar, ana ɗaukar hoto, Madam tana bayani. Sai na hango kaina da kwat, a tsugune, ina dulmiya kwalba naɗe da tsumma, ana tambayata ta mece ce, ina cewa ta magani ce, wani boka ne ya ce a kawo. Na ji dariyar tun ba a yi ta ba. Na ce da Isufu ya bari sai an watse, yini guda muke da shi, teku kuma ba gudu zai yi ba. Haka na faɗa da bakin nan nawa. Tir da ni!

Aka shiga zagaya da mu. Aka kai mu wata tsohuwar majami'a da aka rataye ƙananan jirage na katako a rufinta, bango guda kuma sunayen masuntan da ruwa ya ci ne, uba da ɗa da jika a jere. Aka kai mu inda ake gyaran koma, wato ragar kamun kifi, tsofaffi suna zaune suna ɗinki ba mai ɗaga kai. Aka kai mu gidan da ake zuba wa kifi gishiri a ganga. Ni ne kan gaba wajen tambaya, ina rubutu a littafi, Madam tana yaba mini, kaina yana ƙara girma. Aka zaunar da mu cin abinci, aka jere mana wasu halittu a cikin ɓawo, ɗanyu, na ci burodi da man shanu na sha ruwa. Sai wajen la'asar Madam ta ce kowa ya je yawonsa, mota za ta tashi ƙarfe biyar, wanda ya makara ya kwana da masunta. Na ja Isufu muka bi lungu muka koma matsayar jirage.

Babu ruwa. Na rantse muku da Allah babu ruwa. Jiragen nan da na gani suna rangaji da hantsi, ga su a kwance a gefe guda kan taɓo, igiyoyinsu a sake. Matakalar da na ƙirga taki uku ta zama taki ashirin, ƙarshenta laka. Na ɗaga ido, laka ce baƙa har iyakar gani, can nesa ƙwarai wani ɗan farin layi yana ƙyalli. Na yi salati. Ni malamin makaranta ne, na karanta a littafi cewa teku yana cika yana janyewa, har jarrabawa na ci a kai, amma a zatona ɗan ja da baya ne kamar na kogi bayan ruwan sama. Ba wanda ya gaya mini yana kwashe kayansa ne gaba ɗaya ya bar gari.

Na cire takalmi na sauka. Taku huɗu na nutse har gwiwa, wandon kwat ɗin ya tashi daga aiki. Wani tsoho mai hular ulu da ke zaune kan katanga ya daka mini tsawa, ya ce in fito, lakar nan ta haɗiye waɗanda suka fi ni wayo. Na nuna masa wata 'yar ƙorama da ke bi ta tsakiyar lakar, ya ce wannan ruwan kogi ne da ke gangarowa daga tudu. Na tambaye shi yaushe teku zai dawo. Ya duba agogo ya ce in dawo bayan an ci abincin dare. Isufu ya jawo ni sama, na zauna kan dutse ina kankare laka da tsinke, hawaye yana zubo mini. Isufu ya tsaya a kaina.

"Kai wane irin mutum ne? Allah ya yi maka gata kana kuka? Ba ka ce ya rantse ba? Ka kai masa kwalbarsa yadda ya ba ka, washegarin komawarka ya kwana a asibiti."

Na ce haka ne. A cikin mota ma na ce haka ne. Lahadi da Litinin ina cewa haka ne. Ranar Talata da safe, na gama ɗaure kaya, na tsaya a ɗakin girki na gidan da aka sauke mu, kwalbar tana hannuna. Sai na hango zauren gidanmu cike da 'yan taryar matafiyi. Na ji Yaya yana tambaya, "Ba ka ga tekun ba ne?" Me zan ce? In ce na gan shi har bakin katanga, kunyar wasu masu taye ta hana ni sunkuyawa? Mutumin da ya yi yawo da kaya a ka shekara da shekaru don in yi karatu, ya aike ni sau ɗaya a duniya, in dawo masa hannu rabbana? A wurinmu ba a yi wa babba haka, kun sani, ko goro aka aike ka ba ka samu ba sai ka riƙo wani abu. Na ce a raina ai kwana bakwai ne kawai, zai gwada ya ga bai yi ba, sannan mu tafi asibiti kowa da mutuncinsa. Na buɗe famfo na cika kwalbar, na zuba gishirin girki cokali uku, na girgiza, na ɗanɗana, na ƙara ɗaya. Ban gaya wa Isufu ba.

Yadda na hango zauren haka na same shi. Yaya ya rame, warin ƙafar ya kai har ƙofar gida, amma da na miƙa masa kwalbar sai fuskarsa ta washe. Ya buɗe ya ɗiga a harshe, ya rufe ido.

"Allahu Akbar! Gishiri ne zalla, kamar yadda ake faɗa. Jama'a ku ɗanɗana, ƙanina ya kawo mini teku har Dugabau."

Aka yi ta zagayawa da murfin kwalbar, dattawa suna lasa suna sa mini albarka. Hanne ta rangaɗa guɗa daga cikin gida.

Abin da ban lissafa ba shi ne gishiri yana wanke ciwo. Kwana uku ana wankewa sai warin ya ragu, bakin gyambon ya yi ja. Gari ya ɗauka. Mai maganin nan ya zo da kansa, ya ga abin da bai taɓa zato ba, ya ce tunda jiki ya karɓa kada a tsaya a bakwai, a riƙa ƙara ruwan rijiya a kan na tekun ana ɗigawa har kwana arba'in. Ran kwana na takwas na hau babur daga Gwarzo na zo na ce da Yaya lokaci ya yi, mu tafi Kano. Ya yi dariya.

"Rantsuwata a kan in ba ka samo ba ce. Ka samo. Ko ba ka samo ba?"

Ya tambaya ne da wasa, yana murmushi, Hanne tana gefe tana tankaɗe. Kalma ɗaya ce tsakanina da ran mutumin nan. Na buɗe baki na ce, "Na samo, Yaya."

Duk Juma'a ina zuwa, duk Juma'a ina cewa yau zan faɗa, in tarar da baƙi sun zo daga Garo ko Kabo ganin ruwan Turai, in yi shiru. Sama-sama ciwon yana kyau, a ciki yana hawa. Kafin kwana talatin baƙin ya wuce gwiwa, zazzaɓi ya rufe shi, ya fara sambatu. Muka ɗauke shi a bayan a-kori-kura ba tare da shawararsa ba. Likitan nan dai muka samu, ya ɗaga zanen ya mayar, ya jawo ni waje ya ce yanzu ko an yanke daga cinya ba zai tashi ba, dafin ya shiga jini. Ya tambaye ni, a matsayina na mai ilimi, me muka tsaya yi wata biyu da rabi. Na ce masa ƙaddara ce.

Muka dawo da shi gida. Ranar da zai cika, bayan la'asar, hankalinsa ya dawo, ya sa aka fitar da kowa sai ni. Ya kama hannuna, nasa zafi kamar garwashi.

"Habu, ka yafe mini wahalar da na ba ka. Ka je ƙasar mutane neman ilimi, na ɗora maka kwalba. Ruwan ya yi iya yinsa, kowa ya gani. Ni ne kwanana ya ƙare."

Na ce na yafe, ni ma ya yafe mini. Ya ce, "Kai me ka taɓa yi mini? To na yafe, wanda na sani da wanda ban sani ba." Na riƙe wannan maganar shekara goma sha wani abu ina lallashin kaina da ita. Na riƙe ku, na aurar da matan, na sa mazan a makaranta, mutane suna cewa Habu ya rama halacci.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, ko'ina wa'azin haƙƙi ake yi, a masallaci, a kasuwa, a motar haya. Dattawan yankinmu suka tashi kafa kwamitin sulhu a Kabo, suka aiko mini, wai ana neman mutum mai amana, kuma wa ya kai wanda ya riƙo saƙon wansa tun daga bangon duniya? Na ce su ba ni kwana biyu. Na je wurin wani malami da ba ya sanina, na ba shi labarin kamar na wani ne, na tambaye shi ko yafiyar abin da mutum bai sani ba ta wadatar. Ya ce Allah mai gafara ne, amma mai tambayar ya tambayi kansa, da marigayin ya san abin, zai furta wannan yafiyar? Ya ce kuma akwai masu rai da abin ya taɓa.

Na wuce Dugabau. Na sami Hanne a tsakar gida tana sussukar gero, ta tsufa, ta shimfiɗa mini tabarma tana tsokanata yadda ta saba. Na ce ta ajiye taɓaryar. Na faɗa mata komai, tun daga matakalar har cokali na huɗu. Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba.

"Malam, tambaya ɗaya zan yi maka. Da ka kawo ta ba komai, da ya je?"

"Da ya je."

"Da ya je," in ji ta. "Mutumin nan bai taɓa ɗora hannu a Littafi ya saɓa ba. Da yanzu yana zaure da sandarsa yana yi wa jikoki faɗa." Ta dubi tafin hannunta. "Kwana talatin ina wanke ƙafar nan safe da yamma, da alwala nake taɓa kwalbar. Har sauran na raba wa mutane."

Na ce ta yafe mini. Ta ce nata haƙƙin za ta duba, ta ga abin da zuciyarta za ta iya, amma na mai ƙafar ba a hannunta yake ba. Sannan ta roƙe ni abu guda, kada in gaya muku tana raye, don ba za ta iya kallon ku kuna kallona ba. Ta ɗauki taɓaryarta ta ci gaba da aiki. Ban shiga kwamitin ba, na ce musu ba ni da lafiya. Hanne ta rayu shekaru bayan nan, tana gaishe ni, tana aiko mini da tuwon sallah, kuma har ta koma ga Allah ba ta ce mini ta duba ba, ni ma ban sake tambaya ba.

To yanzu ba ta nan, alkawari ya sauka. Kun ji abin da ya raba ku da ubanku kuna ƙanana. Ba boka ba ne, shi ƙaryarsa ya yi don ya ci abinci. Ba asibiti ba ne. Ni ne, Baffanku, da kuke durƙusa wa. Ba na neman ku ce komai, kuma kada wanda ya zo ya ce mini ƙaddara ce, na riga ku faɗar wannan. Ranar Juma'a bayan masallaci zan sa a share zaure a shimfiɗa tabarmi kamar kullum, in zauna har magariba. Wanda ya ga zai iya zuwa, ya zo. Wanda bai zo ba, ba sai ya aiko da uzuri ba.